'Yan Tsakin da Malam Ya Bari

Talata, da hantsi

Sai yau na gane.

Ranar Juma'a da Hajiya ta zo da kanta ta tsaya a ƙofar ɗakina ba ko mayafi, ban gane ba. Da aka kawo gawar mijina aka shirya shi, aka ce in zo in yi masa addu'a, na je na yi, ban gane ba. Mata sun cika tsakar gida, kowa ta ce Mairo sai haƙuri, ni kuma in ce haƙuri ya zama dole. Bakina ne kawai yake faɗa.

Ɗazu Baba Tanko maigadi ya leƙo ya ce ana sallama a bakin get. Na sa hijabi na tsaya daga ciki. Wani mai adaidaita sahu ne, ya sauke kwali biyu masu huji-huji, kwalayen sai kuka suke. Ya ce, "Ina Malam Zubairu direba? Ga 'yan tsakinsa sun iso. Tun jiya nake kiran wayarsa, a kashe."

Na buɗe baki zan ce yana can wajen ɗakin kaji, bari in kira shi. Har na juya. Juyawar nan da na yi ita ce. Sai ga ni zaune a kan bencin Baba Tanko.

Baba Tanko ne ya gaya masa. Mutumin ya yi salati, ya tsuguna ya yi addu'a, sannan ya ce an riga an biya, amma in ba za a iya ba zai nemi mai so.

Na ce a shigo da su.

Talata, bayan la'asar

Karatuna bai wuce firamare ba, rubutuna ma ga shi nan kamar tafiyar tururuwa. Amma zan riƙa rubutawa don kada in manta abin da Malam yake faɗa. Tun farkon damina yake min karatun kaji. Ina tuƙa tuwon gidan Hajiya, shi yana jingine da ƙofar kicin yana zuba, har in ce Malam ka ishe ni, in ba ka da aikin yi ga albasa nan. Yanzu ga ni ina tono maganarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce mai girkin gidan nan, shi ne direba. A baskwata muke, ɗakunan 'yan aiki na bayan gida. Hajiya Bilkisu ce ta ba shi filin da ke gindin mangwaro, jikin katanga, ya gina ɗakin da hannunsa. Rabi bulo, rabi raga, don iska ta riƙa ratsawa. Ya bar komai a shirye: dusar katako a ƙasa, mazuban ruwa, buhun abincin tsaki, gawayi, kasko. Kamar wanda ya san ba shi zai karɓe su ba.

Na yi yadda ya ce. Ruwa kafin abinci, da ɗan suga a ciki, domin sun sha hanya. Na kama su ɗaya-ɗaya na tsoma musu baki. Su ɗari ne da gyaran biyu. Na zuba tsakuwa a mazubin ruwan kada wani ya faɗa ya nutse. Na kewaye su da kwali, ba kusurwa, don ya ce in suka sami lungu sai su hau kan juna su danne na ƙasa. Na hura garwashi a waje sai da hayaƙin ya ƙare sannan na shigar.

Ya ce ba sai na sayi abin auna zafi ba, in kalle su kawai. In sun dunƙule a jikin kasko, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu kowa yana harkarsa, to in je in yi tawa.

A bakin ƙofa akwai roba da ruwan magani, da silifas ɗinsa. Dokarsa ke nan da ya fi maimaitawa: ba mai shiga da takalmin waje. Na taɓa ce masa, har Alhaji? Ya ce, "Har Alhaji. Sai dai in faɗa masa a durƙushe."

Silifas ɗin ya yi min yawa. Haka nake jansa.

Rigar aikinsa shuɗiya tana rataye a ƙusa daga ciki. Ban taɓa ta ba.

Laraba, da asuba

Duk suna nan.

Alhamis, bayan azahar

Malama Pamela ta zo gaisuwa. 'Yar Wusasa ce, tana koyarwa a makarantar da yake kai jikokin Hajiya a Badawa, tana kuma kiwon kaji a bayan gidanta. A wajenta ya koyi rabin abin da ya dame ni da shi.

Ta riƙe hannuna. Can ta ce, "Mijinki ya fi 'yan ajina tambaya. In na hango motar nan da rana sai in ce yau ma na makara cin abinci."

Na kai ta ta gan su. Na miƙa mata silifas, ta ce a'a, ta tsaya daga bayan raga. "Ina da kaji a gida. Ba zan shigar miki da abin da ba ki gayyata ba."

Ta ce sun yi kyau, garwashin ya yi daidai. Tunda ina takaba ba fita, ita za ta riƙa kawo min rigakafi a fulas da ƙanƙara. Na fari mako mai zuwa, na biyu makon da ke biye.

Da za ta tafi ta ce, "Kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci. Ta ce, "Tsakin ma sun fi ki iya ƙarya."

Juma'a, da yamma

Yau aka yi sadakar bakwai. Inna, mahaifiyarsa, ta iso daga ƙauyensu na wajen Ringim. Ciwon ƙafa ne ya hana ta zuwa tun farko, can aka yi mata zaman gaisuwa. Ta rame. Da na durƙusa gaishe ta sai ta dafa kaina. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mata.

Ta zo da kaza a hammata, wake-wake, an ɗaure ƙafarta da tsumma. Ta ce, "Tasa ce. Da ya je da Sallah ya nuna ta ya ce, Inna ajiye min wannan. To ga ajiyarsa na kawo."

Sai ta ce in nuna mata ginin da ya yi.

Na wuce gaba. Na tsoma ƙafata a roba a hankali, yadda za ta gani. Ba ta gani ba, idonta yana kan ginin. Ta shafa bulon, ta shafa ƙofar, ta ce, "Hannunsa ne." Ta tsallake robar ta shiga da takalmin da ta taka tasha da shi. Mata uku suka bi ta. Ta kwance kazar ta ajiye, ta ce wa tsakin, "Marayu, ga uwa na kawo muku."

Maganar tana bakina. Wallahi tana bakina. Amma da wane ido zan ce wa surukata, wadda ta rasa ɗanta, ta koma ta wanke ƙafa kafin ta shiga ɗakin da ya gina? Abin da na iya cewa kawai, "Inna, ko a ɗaure ta a waje kada ta tsattsage su?" Ta ce, "Sa ta bayan kwalin nan, su riƙa jin motsinta. Ki bar ta a ɗakinsa."

Na bar ta a ɗakinsa.

Asabar, da hantsi

Inna ta tashi da sassafe ta je ta duba kazar, ta watsa mata gero da hannunta. Ta daɗe a tsaye gaban rigar.

Da muna karyawa ta ce in tattara in bi ta gida in ƙarasa takaba a can. Ta ce, "Me ya rage miki a nan, 'yar nan?" Ba da mugunta ta faɗa ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, kowa ya sani.

Na ce, "Kajin, Inna."

Ta ce, "To. In sun tashi."

Lahadi, bayan la'asar

Inna ta tafi. Baba Tanko bai gama rufe get ba na fito da kazar na ɗaure ta a gindin mangwaro. Na kwashe dusar inda ta kwana, na wanke mazubai, na sake ruwan robar. Wataƙila ba komai. Kazar lafiyarta ƙalau, idonta tar.

Wataƙila ba komai.

Talata, da hantsi

An yi rigakafin farko. Malama Pamela ta biyo kafin ta wuce makaranta. Tun jiya ta ce in ɗauke musu ruwa da asuba don su ji ƙishi, kuma in tanadi ruwan rijiya, ban da na famfo, maganin da ake zuba wa na famfo yana kashe rigakafin. Ta haɗa ta miƙo min ta ƙofa. Suka yi caa a kai suka shanye.

Tana rufe fulas ta hango kazar.

"Wannan fa?"

"Ta Inna ce."

"Ba ta dai shiga ciki ba ko?"

Na sunkuya ina gyara silifas.

Ta ce, "Mairo." Sunana kawai. Can ta ce, "To, mu zuba ido. Ki matsar da ita can bayan kicin, kuma in kin taɓa ta ki wanke hannu da sabulu."

Laraba, bayan azahar

Fukafukai sun fara fitowa, farare a gefe. Sun san tafiyata. Da sun ji jan silifas sai su taho gaba ɗaya. Ko shi suke zato, oho. Ai ba su san shi ba.

Akwai wani mai ƙaton ciki da yake hawa cikin mazubin abinci ya kwanta ya yi barci a kai. Baba Tanko ya leƙo ta raga ya ce, "Wannan ai shi ne Alhajinsu." Na yi dariya. Da na ji muryata sai na kama bakina.

Jibrin mai gashin kaza na Badawa ya aiko da gaisuwa, ya ce maganarsu da Malam tana nan, in sun isa yanka shi zai kwashe. Wannan ma yana cikin karatunsa: a sami mai saye kafin a sayi tsaki, kuma a fara da kaɗan. Ni na so ya fara da ɗari uku. Ya ce, "Ke da ba kya son su?"

Alhamis, da magariba

Hajiya ta kira ni ta ba ni baƙar leda. Ta ce Alhaji ne ya karɓo bayan hatsarin, sun ga gara a bari in ɗan huce. Agogonsa, hularsa, da takalmi ƙafa ɗaya.

Ban tambayi ɗayan ba.

Motar ma ba a dawo da ita ba. An kawo wata, an ɗauki sabon direba. Shi sau uku yake danna hon a bakin get. Malam sau ɗaya ne, a taƙaice, kamar mai jin kunyar damun mutane.

Asabar, da asuba

Uku sun tsaya a gefe, fukafukai a ƙasa, ido a rufe. Kashinsu kore. Na ware su a kwali.

Asabar, bayan la'asar

Sun zama tara. Suna buɗe baki suna jan numfashi da wata 'yar ƙara. Na ƙara garwashi, na rage garwashi, na rasa wanne ne daidai. Ya ce in kalle su za su nuna min. Ina kallo, Malam. Wannan ba ka gaya min ba.

A'a, ka gaya min. Ka ce kada a haɗa su da kajin gida, ko da wasa.

Lahadi, bayan azahar

Malama Pamela ta zo daga coci kai tsaye, da ɗankwalinta na ado. Ta kalle su ta raga, ta kira likitan dabbobi a waya ta sa a bayyane don in ji. Ya yi tambayoyi, ni nake amsawa. Da ya ce ko wata kaza ta shiga cikinsu, na ce e, kwana biyu.

Ya ce ciwon nan ba shi da magani. Kada a yi musu rigakafi na biyu, ba a yi wa marar lafiya, ƙarasa shi yake. A ware masu ciwo, a sa maganin ƙarin kuzari a ruwa, a riƙe su da ɗumi. Waɗanda suka tafi a binne su da zurfi, kada a jefa a bola. Wanda Allah ya nufa zai tashi.

Da ta kashe wayar na jira faɗa. Ta ce, "Kajin gida sun saba da shi ne. Suna ɗauke da shi suna yawonsu, ba ya kayar da su. Waɗannan kuwa ba su da ƙwari." Sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ni ma da tawa surukar ce, ban san me zan ce mata ba. Tawa ma ba a gama gaishe ta ba ta fara faɗa."

Gara ta yi min faɗan.

Litinin, da hantsi

Baba Tanko yana haƙa rami a bayan tankin ruwa. Ƙasar damina ce, da laushi, diga tana shiga da wata irin ƙara. Na shiga ɗaki na kunna rediyo na ƙure.

Talata, da asuba

Na daina ƙirgawa. Da bokiti nake fitarwa.

Laraba, bayan la'asar

Alhajinsu ya tafi. A cikin mazubin abinci na same shi.

Ban yi kuka ranar Juma'ar nan ba. Ban yi ranar bakwai ba. Yau na zauna a kan dusa da ɗan tsako a tafin hannuna, na yi wanda ya tara min. Da na tashi sai na sa fuskata a jikin rigar. Har yanzu tana nan yadda ya cire ta: gumi, da dusar katako, da ɗan turaren nan da yake saye a bakin masallacin Juma'a. An hana ni turare har in fita takaba. Wannan dai ba shafawa na yi ba.

Alhamis, bayan azahar

Hajiya ta zo har gindin mangwaro, abin da ba ta saba ba. Ta toshe hanci da gefen mayafi, sannan ta ji kunya ta sauke.

"Mairo, kin ga yadda kika koma kuwa? Jiya miyar nan ba gishiri, shekaranjiya gishiri biyu. Alhaji bai ce komai ba, ni ma ba don miyar na zo ba." Ta ce in bar wahalar nan haka, in komai ya lafa ita za ta saya min wasu, ko ɗari biyu nake so.

Na ce, "Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ba wasu nake so ba."

Ta tsaya tana kallon ginin. Ta ce, "Ranar da ya ɗora kwanon nan har falo ya zo ya ce in fito in gani. Na ce masa ina zuwa." Ba ta ƙarasa ba, ta koma ciki.

Juma'a, da hantsi

Inna ta sa an kira mata ni a waya.

"Yaya marayuna?"

"Suna nan, Inna."

"Uwar tasu fa?"

"Lafiyarta ƙalau."

Wannan gaskiya ne. Har ƙwai ta yi yau a bayan kicin, tana ta shela. Da na ajiye wayar na cire takalmi na jefi kazar. Ban same ta ba. Ta matsa kaɗan ta ci gaba da tono. Me ta sani? Shi ya nuna ta da yatsa ya ce a ajiye masa.

Asabar, da asuba

Biyu kawai suka tafi yau.

Lahadi, da asuba

Ɗaya.

Talata, bayan la'asar

Jiya babu, yau ma babu. Na ƙirga su sau biyu. Goma sha ɗaya. Suna ci, suna sha, har da masu faɗa a kan mazubi. Ɗaya wuyansa ya murɗe, sama yake kallo, in zai yi tafiya sai ya yi ta zagaye. In na riƙe masa kai yana ci. Baba Tanko ya ce ba zai yi ba, a huta da shi. Na ce a bar min shi.

Na aika wa Jibrin mai gashi kada ya jira.

Laraba, da hantsi

Na ba Baba Tanko kazar Inna ya yanka. Malama Pamela ta ce muddin tana gidan nan ba a rabu da ciwon ba. Ni na fige ta, na dafa da kaina, gishiri daidai. Na zuba a kwano da shinkafa na ce a kai masallacin layinmu sadaka, da sunansa. Tasa ce, ta tafi wajensa.

Baba Tanko ya dawo da kwano ya ce an yi masa addu'a sosai. Ya ce, "Ladan ma har ya tambaya ko akwai 'yar'uwarta." Na ce ya gaya masa Allah ya kiyaye.

Lahadi, bayan azahar

Malama Pamela ta sa na mayar da sha ɗayan cikin wani keji da ta aro min, can kusa da ƙofar ɗakina. Ta ce ɗakin kajin sai an fitar da ciwon daga cikinsa kafin wata kaza ta sake kwana, waɗannan ko wasu. A kwashe dusar duka a ƙone. Kwalayen ma a ƙone. A wanke ƙasa da bango da raga da ruwan magani, a shafe da farar ƙasa, a bar shi a buɗe ya sha iska da rana. Duk abin da ke ciki, ko dai a wanke ko a ƙone.

Ta leƙa ta raga ta ce, "Har rigar can."

Na ce ai riga ce kawai, a sama take, ba ta taɓa ƙasa ba.

"Iskar ɗakin take sha, Mairo. Kuma kullum kina taɓa ta ki je ki taɓa su." Ashe ta lura. Ta sassauta murya ta ce, "Ba na ce ki ƙone ba. Ki jiƙa ta a ruwan magani ta wuni, ki wanke, ki shanya a rana. Rigar tana nan."

Na ce na sani rigar tana nan.

Mijinta ita ma ya daɗe da rasuwa. Ta ce, "Ni, hularsa ce." Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Talata, da yamma

Na ƙone dusar. Hayaƙin ya hau har saman mangwaro, sabon direba ya fito yana tambaya ko lafiya. Na wanke mazubai da kasko. Silifas ɗin ma na jiƙa shi na goge, shi roba ne, bai riƙe komai ba.

Alhamis, da hantsi

Inna za ta zo sadakar arba'in. Na san za ta ce in kai ta ɗakin. Na aiki Baba Tanko ya sayo min sabon silifas daidai ƙafarta, na ajiye a gefen robar. Zan durƙusa in ce, Inna ga naki, na musamman ne, shi ya ce duk mai shiga da wannan zai shiga. Zan cire mata nata da hannuna. Ina ma wannan dabarar ta zo min ranar bakwai.

In ta tambayi sauran, zan ce ciwo ya shigo. Ba zan ce ta ina ba. In ta ce in bi ta gida, zan nuna mata sha ɗayan in ce ba su tashi ba tukuna.

In wata za ta fara kiwo ta tambaye ni, duk abin da ya koya min zan gaya mata, ruwan suga da garwashi da sauransu. Amma zan fara da cewa ta shirya maganar da za ta faɗa wa wanda take jin nauyi, tun kafin ya iso bakin ƙofa.

Asabar, bayan la'asar

Na gama shafen farar ƙasa. Ɗakin ya yi fes, sai ka ce ba a taɓa kwana a ciki ba. Na shafa bangon nan huɗu, da na zo wajen ƙusar sai na zagaye.

Sha ɗayan sun yi wa kejin yawa, suna taka juna. Mai kallon sama ne yake shan wahala, shi ake dannewa. Ɗakinsu suke buƙata, na sani. Malama Pamela za ta zo gobe ta duba, ta ce in ta ga komai daidai sai a fara lissafin ranar mayar da su.

Na haɗa ruwan maganin a bokiti tun hantsi. Yana nan a bakin ƙofa, har ganyen mangwaro ya faɗa ciki.

Saura rigar. Ban sauke ta ba.